Cutty Sark: lacca a kan jirgin dakon shayi na 1869

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban wannan zama, malamaina da ke sahun gaba, iyayenmu mata, da ɗaliban da suka cika bayan ɗaki, ina yi muku barka da yamma, ina kuma godiya da wannan dama da aka ba ni. An nemi in yi magana a kan fataucin nesa a ƙarni na 19, ni kuwa na ga idan na ɗauko fagen gaba ɗayansa za mu kwana a nan ba mu ƙulla komai ba. Saboda haka na zaɓi jirgin ruwa guda ɗaya, mai suna Cutty Sark, wanda har yanzu yana nan ajiye a Greenwich, a bakin kogin Thames cikin birnin Landan. Zan bi abubuwa huɗu: yadda aka gina shi, dakon shayin da ya yi daga ƙasar Sin, dakon ulun da ya yi daga Ostareliya, sai kuma yadda ya tsira alhali kusan duk sa'o'insa sun nutse ko an farfasa su an sayar da ƙarfen.

Kafin mu kai ga gini, dole ne mu san abin da ya sa ake biyan kuɗi saboda sauri, domin jirgin dako a al'ada ba don gudu ake yinsa ba, don ɗaukar kaya mai yawa ake yinsa. Har zuwa 1834, kamfanin East India shi kaɗai ke da izinin kawo ganyen shayi daga Sin zuwa Ingila, kuma tun da babu mai ja da shi, manyan jiragensa masu faɗin ciki suna tafiya ne a hankali. Da aka soke wannan izini, ƙananan 'yan kasuwa suka shigo. A 1849 Ingila ta sake soke dokar da ta hana jiragen wasu ƙasashe kawo mata irin wannan kaya, kuma a ƙarshen 1850 wani jirgin Amurka mai suna Oriental ya iso Landan daga Hong Kong cikin kwana 97. Wannan ya girgiza masu jiragen Ingila ƙwarai. Daga nan aka shiga ƙera jirage siririya, masu kaifin goshi da dogayen dirkoki da filafilai birjik, wato manyan yaduddukan tamfol da iska ke bugawa ta tura jirgi, irin jiragen da Turawa ke kira kilifa.

Su kuma masu sayen shayi a Landan sun yi imani cewa ganyen farko na kakar shekara ya fi ƙamshi, kuma kowane mai kanti yana son ya riga maƙwabcinsa sanar da cewa sabon shayi ya iso. Duk wanda ya san yadda sabuwar doya ke tsada a makon da ta fara shigowa kasuwa ya fahimci abin da nake nufi. Don haka aka riƙa ƙara sule 10 a kan kowane tan ga jirgin da ya fara isowa. A 1866 jirage uku, Taeping da Ariel da Serica, suka bar tashar Fuzhou ta ƙasar Sin a rana ɗaya, suka yi kwana 99 a teku, suka shiga Landan a rana ɗaya, tsakanin na farko da na biyu bai kai sa'a ɗaya ba. Ku dubi wannan da kyau: tafiyar fiye da wata uku, an zagaye Afirka, amma tazarar ba ta kai tsawon wannan lacca ba.

To, abu na farko, gini. Mai jirgin wani attajiri ne a Landan, John Willis, wanda da kansa ya taɓa zama kyaftin, kuma an san shi da farar hular da ba ya rabuwa da ita. A 1868 aka ƙera wani jirgi a Aberdeen mai suna Thermopylae, wanda a tafiyarsa ta farko ya kai Melbourne ta Ostareliya daga Landan cikin kwana 60 da 'yan kai, sunansa ya cika gari. Willis ya ƙudura cewa sai ya mallaki wanda zai wuce shi. Ya ba wani ƙaramin kamfani, Scott da Linton, a garin Dumbarton na ƙasar Sikotland kwangila a kan fam 17 kowane tan, kuma Hercules Linton shi ne ya zana fasalin jirgin. Kuɗin ya yi kaɗan, ga shi Willis ba ya karɓar katako sai mafi kyau, har kamfanin ya karye kafin a gama aikin, sai kamfanin Denny na garin ne ya ƙarasa shi. Ƙashin jirgin na ƙarfe ne, amma jikinsa duka katako ne, itacen tik daga sama, wani itace mai tauri na Amurka daga ƙasa, sannan aka lulluɓe cikinsa na waje da farantan tagulla gauraye da tutiya don kada tsutsar ruwa ta huda katakon, kada kuma ciyawar teku ta manne ta rage masa gudu. Tsawonsa ƙafa 212, faɗinsa ƙafa 36, awonsa tan 963. Filafilansa idan an buɗe su duka sun kai murabba'in mita kusan 3,000, igiyoyin da ke riƙe da su kuwa idan aka jera sun kai mil 11, kuma mutanen da ke sarrafa wannan duka yawanci ba su kai 30 ba.

An tura shi ruwa ranar 22 ga Nuwamba 1869. Ina roƙon ɗalibai su rubuta wannan rana, su kuma rubuta wata a gefenta: 17 ga Nuwamba 1869, ranar da aka buɗe mashigin Suwez a Masar. Kwana biyar ke nan tsakani. Mashigin ya rage hanyar Sin zuwa Landan da fiye da mil 3,000, amma jirgin tururi ne ya amfana. Jirgin iska ba ya iya bin mashigin sai an ja shi da kuɗi, kuma ko ya fita, iskar Bahar Maliya ba ta yi masa daɗi, domin teku ne matsattse mai duwatsu a ƙarƙashin ruwa, kuma a yankinsa na arewa iska tana busowa ne daga arewa kusan duk shekara. Ban yarda a ce Willis ya yi wauta ba. A lokacin mutane da yawa masu hankali suna ganin jirgin tururi yana cin kwal da yawa, kwal ɗin yana cinye wurin kaya, wasu ma suna cewa jirgin ƙarfe yana ɓata ɗanɗanon shayi. Abin da ba su auna da kyau ba shi ne sabon injin da Alfred Holt na Liverpool ya sa a jiragensa tun 1866, wanda ke amfani da tururi sau biyu, ya rage cin kwal sosai.

Cutty Sark ya bar Landan ranar 16 ga Fabrairu 1870 zuwa Shanghai, Kyaftin George Moodie ne ke jan ragamarsa, ya komo ranar 13 ga Oktoba da ganyen shayi kusan tan 600. Sau takwas kawai ya yi dakon shayi, daga 1870 zuwa 1877, kuma ko sau ɗaya bai zo na farko ba. Wannan gaskiya ce da masoyansa ba sa son a faɗa. Amma a cikin waɗannan tafiye-tafiye takwas akwai ɗaya, ta 1872, wadda ita ce dalilin da ya sa na zaɓi wannan jirgi, kuma ina neman afuwar shugaban zama domin a nan zan ɗan daɗe.

A tsakiyar watan Yuni na 1872, Cutty Sark da Thermopylae suka yi lodi a Shanghai, suka tashi tare. Wannan ita ce ranar da Willis ya kashe kuɗinsa dominta. Watan Yuni lokaci ne mai wuya a tekun kudancin Sin, domin iskar damina tana busowa daga kudu maso yamma, wato daga inda jirgi ya dosa, sai kyaftin ya riƙa karkata dama da hagu, yana bin gefen tsibirai yana neman iskar da ke sauka daga tudu da dare. Suka yi ta yin haka har suka kai mashigin Sunda, tsakanin Jaba da Sumatra, kusan kafaɗa da kafaɗa. Da suka fita cikin tekun Indiya suka sami iska mai ƙarfi mai ɗorewa daga kudu maso gabas, irin wadda aka ƙera Cutty Sark dominta, domin an yi masa baya mai ƙarfi da zai jure filafilai masu yawa a lokacin da sauran jirage ke naɗe nasu. Kafin tsakiyar Agusta ya ba Thermopylae ratar mil kusan 400.

A nan bari in ɗan tsaya, domin na ga wani ɗalibi yana mamakin yadda aka san wannan rata. Babu rediyo, babu wata hanyar aika saƙo daga tsakiyar teku. Moodie bai san inda abokin hamayyarsa yake ba, shi ma wancan bai sani ba. Kowane kyaftin yana auna rana da tsakar rana, ya duba agogon jirgi, ya rubuta inda yake a littafin tafiya, sai bayan an isa gida ne aka ajiye littattafan biyu gefe da gefe aka ga wanda ke gaba a kowace rana. Ma'ana, mutum yana tsere wata huɗu da wanda ba ya gani, kuma ba shi da ikon sassautawa ko dare ɗaya, domin wataƙila a daren ne ake wuce shi.

To, da suka matso gaɓar Afirka ta Kudu sai guguwa ta taso daga yamma, ta yi kwanaki tana dukan jirgin. A wannan yanki akwai igiyar ruwa mai ƙarfi da ke gangarowa kudu maso yamma, idan iska ta zo ta yi karo da ita sai raƙuman ruwa su miƙe tsaye su yi tsini. Ranar 15 ga Agusta wani raƙumin ruwa ya bugi bayan jirgin ya cire allon akala gaba ɗaya. Allon akala shi ne babban katakon nan da ke rataye a bayan jirgi cikin ruwa, wanda ake juyawa da sitiyari don jirgi ya bi inda ake so. Ina so ku fahimci girman wannan masifa. Jirgin da ba shi da allon akala ba ya iya fuskantar raƙuman ruwa da goshinsa, sai ya juya ya ba su haƙarƙari, su riƙa mirgina shi suna hawa kansa, kuma idan abin ya yi tsanani dirkoki su karye ko jirgin ya kife. Sun gwada jan wani dogon gungume a baya don ya yi aikin allon, bai yi ba.

A cikin jirgin akwai ɗan'uwan mai jirgi, Robert Willis, wanda ya bi tafiyar don lafiyarsa. Ya tsaya kai da fata cewa a nemi tashar Afirka ta Kudu mafi kusa a shiga a yi gyara. Kada mu yi saurin zarginsa da tsoro, domin maganarsa tana da hujja: rayukan mutane ne, ga dukiyar gidansu. Amma Moodie ya ƙi. Ya san cewa kusantar gaɓa mai duwatsu da jirgin da ba ya jin akala yana da nasa haɗarin, ya kuma san cewa shiga tasha yana nufin makonni na jira da kuɗin gyara mai yawa, shayi kuma ya isa bayan kasuwa ta watse. Suka yi cacar baki mai zafi. A teku kuwa maganar kyaftin ita ce ta ƙarshe, ko da mai jirgin ne da kansa a tsaye. Moodie ya kira kafintan jirgi, Henry Henderson, ya ce a ƙera sabon allo a nan inda suke.

Yanzu ku dubi aikin. Babu tasha, babu injin ɗaga kaya, babu ƙasa mai tsayawa wuri ɗaya. Abin da ke akwai shi ne gungumen ajiya da kowane jirgin iska ke ɗauka saboda ko dirka za ta karye, da sandunan ƙarfe na jikin jirgin, da zarto da gizago da guduma. Henderson ya sa aka tsaga gungumen aka fitar da katakai masu kauri, aka haɗa su aka yi allon. Kuma ba allon kaɗai ba, sai da ya ƙera wani dogon katako da allon zai rataya a jikinsa ya riƙa juyawa, domin maratayan asali sun tafi da tsohon. Wannan kuwa yana buƙatar ƙarfe: ƙusoshi, zobba, maɗaurai. Sai aka kafa maƙera a saman jirgin, a fili, aka hura wuta, aka ciro sandunan ƙarfe ana narkar da bakinsu ana lanƙwasawa.

Iyayenmu da suka taɓa zama a bakin maƙera sun san cewa ƙarfe idan ya yi ja ba ya jiran kowa, dole a buge shi a lokacin. To, ku ɗauka uwar maƙerar tana karkata dama da hagu, ruwan gishiri mai sanyi yana hawowa yana share duk abin da ke ƙasa, domin watan Agusta a can tsakiyar hunturu ne. Wanda ke jan zugazugi shi ne ɗan kyaftin ɗin kansa, Alexander Moodie, yaro mai koyon aiki. Ana cikin haka ruwa ya bugi jirgin, maƙerar ta kife, garwashi ya zubo wa yaron a ƙirji, ya bar masa tabon da ya rayu da shi. Aka tashe ta, aka sake hura wuta, aka ci gaba. Ina maimaitawa domin a nan zuciyar labarin take: aka tashe ta, aka sake hura wuta. Uban yaron yana tsaye yana kallo, shi ne kuma ya ba da umarnin aikin, kuma bai ce a daina ba.

Da aka gama ƙira, sai matsala ta biyu ta taso, wadda a ganina ta fi ta farko wuya. Katako ba ya nutsewa. Ta yaya za a saukar da allo mai wannan girma a bayan jirgi, a tura shi ƙasa cikin ruwa, a tsayar da shi daidai inda ya kamata, alhali bayan jirgin yana tashi sama yana faɗowa? Dabarar da suka yi ita ce suka ɗaura masa ƙaramin anka don nauyinsa ya ja shi ƙasa, suka riƙe shi da sarƙoƙi da igiyoyi ta ɓangarorin biyu, suka ja shi a hankali har ya zauna a mazauninsa, sannan suka bi da wasu igiyoyin daga allon zuwa sitiyari. Duk wannan aiki kwana shida ya ci. Kwana shida jirgin yana yawo inda ruwa ya ga dama, Thermopylae kuwa ya zo ya wuce ba tare da ɗayansu ya ga ɗaya ba.

Kuma kada ku ɗauka da an rataya allon an huta. Allon wucin gadi ba ya jure gudu, don haka Moodie ya rage filafilai, ya riƙa tafiya ƙasa da abin da jirgin zai iya, yana kallon iska mai kyau tana wucewa bai isa ya yi amfani da ita duka ba. A cikin tekun Atlantika wasu ƙarafan suka saki, sai da aka sake ciro allon aka gyara aka mayar. Da wannan allo suka zagaya ƙuryar Afirka, suka haura yammacinta, suka ƙetare tsakiyar duniya, suka shiga ruwan Ingila a cikin iskar kaka. Thermopylae ya isa cikin kwana 115. Cutty Sark ya isa ranar 18 ga Oktoba, cikin kwana 122. Mako ɗaya kacal, bayan kwana shida a tsaye da wata biyu ana lallaɓawa.

Ni a wurina wanda ya ci wannan tsere Henderson ne. Littattafan tarihi suna son sunan attajiri da sunan kyaftin, amma shayin Willis da rayukan mutanen nan duka sun rataya ne a kan ko kafinta ya auna daidai, ko ƙusar da aka buga a maƙera za ta riƙe. Willis ya ba shi kyautar fam 50, kuɗi mai kauri ga ma'aikacin jirgi a wancan zamani, kuma ya cancanci fiye da haka. Ɗalibanmu masu karatun injiniya, ina fata kun ji. Mutumin nan ya san katako, ya san ƙarfe, ya san yadda ruwa ke matsa allo, kuma ya haɗa sanin nan uku a wurin da kuskure ɗaya ya isa. Shi kuwa Moodie, saboda ɓacin ran abin da ya shiga tsakaninsa da Robert Willis, da suka isa Landan ya ajiye aiki, duk da roƙon da mai jirgin ya yi masa, ya koma tuƙin jiragen tururi.

Na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya ja, saboda haka abu na biyu, ko kuwa na uku ke nan, zan bi shi da sauri. Bayan 1877 jiragen tururi suka ƙwace shayi gaba ɗaya. A 1878 Cutty Sark ya je Shanghai bai sami lodin ganye ba, kyaftinsa na lokacin, Tiptaft, ya rasu a can. Jirgin ya koma ɗaukar duk abin da ya samu, kwal da algarara da man zurma, har a 1880 aka rage tsawon dirkokinsa don a rage ma'aikata. Sai a 1883 ya sami sana'ar da ta dace da shi, wato dakon ulu daga Ostareliya, inda nisa ya yi yawa har jirgin tururi bai fara cin riba sosai ba. Ana danna ulun cikin jirgi da ƙarfin tsiya, dila fiye da 4,000 a tafiya ɗaya, ana tsere don a riski gwanjon ulu na Landan a farkon shekara. Daga 1885 zuwa 1895 Kyaftin Richard Woodget ne ya riƙe shi, mutumin da ke gangarawa can kudu inda iskar yamma ba ta tsayawa, har cikin tsaunukan ƙanƙara masu yawo a ruwa, waɗanda ya ɗauki hotunansu da kyamararsa. A tafiyarsa ta farko ya komo daga Sydney cikin kwana 73, ya kuma riga Thermopylae. A nan ne burin Willis ya cika, shekara 16 bayan gini, a kan ulu maimakon shayi. A 1889 ma ya wuce wani jirgin tururi na fasinja mai suna Britannia a gaɓar Ostareliya, ya riga shi shiga Sydney.

A 1895 Willis ya sayar da shi ga wani kamfanin Fotugal, aka sauya masa suna zuwa Ferreira, ya yi shekara 27 yana zirga-zirga tsakanin Lisbon da Brazil da Amurka da Angola da Mozambik. A 1916 guguwa ta karya masa dirkoki a kusa da inda ya taɓa rasa allon akala, aka ja shi zuwa Cape Town. A 1922 wani tsohon kyaftin, Wilfred Dowman, ya gan shi a tashar Falmouth ta Ingila ya gane shi, ya bi shi ya saye shi a kan fam 3,750 ya mayar masa da kamanninsa. Daga baya ya zama makarantar koyon aikin jirgi, a 1954 aka kai shi Greenwich, a 1957 Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi ga jama'a. Gobara ta kama shi ranar 21 ga Mayu 2007 ana cikin gyara, amma Allah ya sa an riga an cire katakai da yawa an ajiye a wani wuri. An sake buɗe shi a 2012, an ɗaga shi sama mita 3, ta yadda mai ziyara zai bi ta ƙarƙashinsa ya ɗaga kai ya ga farantan tagullar nan jere da ƙusoshinsu, ya ga yadda goshin ya sirance kafin ya buɗe. Thermopylae kuwa sojojin ruwan Fotugal ne suka nutsar da shi a 1907.

Akwai hannu a can baya. Bismillah, 'yata, ɗaga murya kaɗan.

Ga waɗanda ba su ji ba, tambayarta ita ce: na yabi kafinta, amma su wane ne sauran ma'aikatan, kuma yaya ake bi da su, akwai baƙar fata a cikinsu? Allah ya yi miki albarka, wannan tambaya ta taɓo abin da na tsallake saboda sauri, kuma bai kamata a rufe zaman nan ba a faɗe shi ba. Ma'aikatan irin waɗannan jirage daga ƙasashe daban-daban ake ɗibarsu, albashinsu kaɗan ne, abincinsu naman gishiri ne da busasshen biskit, suna hawa dirka mai tsawon fiye da mita 40 cikin duhu da ruwan sama don naɗe filafilai da hannu, kuma da yawa sukan gudu idan an isa Ostareliya. Saurin da muke yabo a jikinsu aka same shi.

Akwai baƙar fata, kuma sunan ɗaya daga cikinsu ya shiga tarihin jirgin ta hanya mai ɗaci. A 1880 Cutty Sark ya ɗauki kwal daga Wales zai kai Japan, Kyaftin James Wallace ne ke riƙe da shi, mataimakinsa kuwa wani mai zafin hannu ne, Sidney Smith. A cikin ma'aikata akwai baƙar fata mai suna John Francis, wanda Smith ya sa wa ido tun farkon tafiya. A tekun Indiya rigima ta haɗa su a kan wani umarni, Smith ya buga masa sandar murɗa anka a ka, bayan kwana uku Francis ya rasu, aka binne shi a teku. An tsare Smith a ɗakinsa, amma da aka isa Anjer, a mashigin Sunda ɗin nan da na ambata, Wallace ya bar shi ya sulale ya shiga wani jirgin Amurka. Da ma'aikata suka gane an kuɓutar da wanda ya kashe ɗan'uwansu, suka ƙi taɓa igiya, sai 'yan koyo da wasu ƙalilan suka fitar da jirgin. Suna shiga tekun Jaba iska ta ɗauke cak har kwanaki. Wallace, wanda ya san cewa bincike yana jiransa kuma aikinsa ya ƙare, ya faɗa cikin ruwa a farkon Satumba, ba a kuma same shi ba. Shi Smith an gane shi a Landan bayan shekara biyu, aka gurfanar da shi a 1882, kotu ta ce kisa ne ba da niyya ba, ta yanke masa shekara bakwai. Bayan ya fito ya sake komawa aikin jirgi.

Ranka ya daɗe, na ga ka tashi tsaye, kuma an kusa kiran magariba. Sauran masu tambaya su same ni a waje bayan salla. Wassalamu alaikum.